Sawu na Bakwai

A ƙauyenmu, tsakanin Wagini da Batsari, mu biyu ne guragu a shekarar da Turawa suka kawo babban zaɓe. Ni kurkunu ne ya ci mini ƙafar dama tun ina yaro, ya bar ta a karkace, in na taka sai babban yatsa ya ja layi a ƙasa. Ɗayan kuwa wani masassaƙi ne, baƙo, da ya zo daga wajen Zamfara da matarsa da 'ya'ya uku, mai gari ya ba shi aron gona a bakin rafi. Shi gatari ne ya sare shi, a ƙafar dama shi ma. Duk inda muka haɗu sai ya ce, "Abokin tahiya, wa za ya riga wani yau?" Mu yi dariya, kowa ya ja ƙafarsa ya wuce.

Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, amma gandu ɗaya muke da Yayana tun rasuwar mahaifinmu, akushi ɗaya kuma muke ci. Yaya mutum ne marar surutu, abin da aka san shi da shi bin sawu. In saniya ta ɓace, ko an kora ta cikin dajin Ruma, shi ake kira. Ya durƙusa ya dubi ƙasa, ya gaya maka mutum nawa ne, da wanda ke ɗauke da kaya a cikinsu. Ni ban gaji wannan ba. Abin da na gada zafin kai ne da baki.

Jam'iyya biyu ce ta iso mana. Ta masu sarauta alamarta rumbu, ɗayar kuma tsani. Ni ɗan tsani ne, ban kuwa ɓoye ba. Dalilina ba mai zurfi ba ne. Damina biyu a jere ana kwashe ni aikin hanya daidai lokacin noman farko, ina ji ina gani ciyawa ta cinye mini gero, alhali 'ya'yan fadawa suna gonakinsu. Ranar da wani mutum ya zo da keke kasuwar Batsari, ya hau kan ganga ya ce in tsani ya ci an gama aikin tilas, ban tsaya tambayar komai ba. Na dawo gida ina maimaita maganarsa har Inna ta ce in rufa mata asiri.

An yi ta gaya mana cewa zaɓen nan na sirri ne. Za a ba ka 'yar takarda, ka shiga ɗaki kai kaɗai, akwatin rumbu a nan, na tsani a can, ka jefa inda ka ga dama, daga kai sai Allah. Wanda ya tsara abin, ina jin bai taɓa zama da mutanen da ke karanta ƙasa ba.

Ran zaɓe aka kewaye rumfa da zana a ƙofar gidan mai gari. Na ga an zubo yashin rafi mai laushi an shimfiɗa a ciki, na ce lallai yau ana girmama mu. Sai da layi ya kawo ni bakin ƙofa na ga Yaya a tsaye da tsintsiya. Wai shi ne mai shara. In mutum biyu ko uku suka fito, ya shiga ya daidaita yashin, don kada malamin zaɓe ya ce wurin ya yi datti. Muka haɗa ido, ya ɗan girgiza mini kai, kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Na shiga. Akwatunan nan an raba su da nisa, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, yashi kuma sumul, sai zanen tsintsiya. Na gane komai a take. Da ina da hankali da na nufi rumbu na huta. Amma zuciya ta ɗebe ni, na ce ashe har a nan ma sai an bi mu? Na taka da ƙarfi na tafi wajen tsani, yatsana yana jan layinsa, na jefa, na fito ina hura hanci. Har ga Allah a ranar ji nake ba namiji kamata.

Rumbu ya ci, a wajenmu da ma ko'ina. Da aka ƙidaya, labari ya dawo cewa takarda bakwai aka samu a akwatin tsani na garinmu. Mai gari ya ce yana son suna bakwai.

Ran Juma'a bayan an sauko aka tara mu a ƙofar fada. Na riga na gaya wa matata inda na ajiye irin gero, na sa tsohuwar riga don kada a yaga mini ta kirki. Wani bafade ya fara kira. Shida na farko duk na san su, tare muke zama. Na gyara tsayuwa ina jiran nawa. Sai na ji an kira masassaƙi.

Mutumin nan ya waiga bayansa, yana zaton da wani ake. Sannan ya zube gaban mai gari ya ce, "Ranka shi daɗe, ni mi ya kai ni? Wallahi rumbu na jefa ma. Gonarka nika ci, in ƙi ka?" Ba wanda ya saurare shi. An ce an ga sawun gurgu, kuma wanda ya gani ba ya kuskure. Na dubi Yaya, shi kuwa ƙasa yake kallo.

Shidan nan 'yan gari ne, suna da dangi. An wahalar da su, an tura su aikin hanya, an kai ɗaya gaban alƙali kan zagin manya, amma daga baya iyayensu suka yi ta zarya har abin ya lafa. Masassaƙi ba shi da mai zuwa roƙo. Aka karɓe gonar aro, aka ce ya bar gari kafin kasuwa ta zagayo.

Washegari na sami Yaya yana gyaran jinkar rumbu. Na ce, "Yaya, sawun wa ka gani?"

Ya ce, "Na gurgu."

"Wane gurgun?"

Ya sauko daga kan rumbun ya tsaya gabana. Ya ce, "Bakwai aka ce in kawo. Da shida ne da na kawo shida. Kai kowa na jiran ka da ma, da an kira ka ba aikin hanya za a kai ka ba, gidan yari ne, gandun ga kuma a raba mu da shi. Inna na da rai. In kana iyawa tahi ka faɗi, amma ka sani ni za a fara ɗaurewa, don ni na yi ma mai gari ƙarya." Ya koma aikinsa.

Sau biyu ina kama hanyar fada. Na farko na kai har gindin tsamiyar ƙofar gidan mai gari na juyo. Na biyu ko rabi ban kai ba. Ni da na cika gari da baki, ni da na taka yashi da ƙarfi don a gani, ranar da magana ɗaya za ta yi amfani sai na rasa ta. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na daɗe ina ce wa kaina don Inna na yi shiru, amma yanzu na tsufa da yi wa kaina ƙarya.

Ran tafiyar masassaƙi da hantsi na je gidansa. Ba kowa a ƙofar gidan, mutane na gudun a gan su. Na taya shi ɗaure kaya a kan jaki, gatura da gizago da 'yan ƙore, ƙaramar 'yarsa a sama. Ya ce Safana za su fara gwadawa, an ce akwai itace. Na raka su har rafi. A nan ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Abokin tahiya, duk garin ga kai ɗai ka zo. Allah shi saka maka. Ka riƙa shaida ta in an yi zance, ka ce ban ci amanar kowa ba." Na ce to.

Ban sake jin labarinsu ba. Na tambaya a kasuwar Safana bayan shekara biyu, aka ce an ga wani mai kama da shi, ya yi gaba. Ni da Yaya muka ci gaba da cin tuwo a akushi ɗaya har ya bar duniya, maganar ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba. Ban san ko na yafe masa ba, ban ma san ko ina da bakin yafewa ba, tunda ni na ci amfanin abin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne komawata daga rafin nan. Da suka haye, na juyo, sai idona ya faɗa kan yashi, ga sawunmu biyu a jere, nawa da nasa. Shi da dunduniya yake sauka, sawunsa rami ne zagayayye, ba ya jan layi ko kaɗan. Ni da ban iya bin sawu ba, kallo ɗaya na yi na bambance su. Na tsaya na duba hagu da dama, ba kowa, sai na sa ƙafa na share nawa.