Ranar da Salihatu Mai Niƙa Ta Yi Magana a Rediyo

Salihatu ta gaji injin niƙanta ne daga surukarta. Tsohon inji ne mai jan igiya, a ƙarƙashin wata rumfar kwano a ƙofar gidansu, ba nisa da inda ake lodin motocin Rijau. A unguwar ba mai kiran sunanta, sai dai Maman Mu'minat. Ta kusa hamsin. Ƙarar inji ta sa kunnenta na hagu ya yi nauyi, shi ya sa take karkata kai idan ana yi mata magana.

Mijinta Mailafiya mutumin Kaboji ne. Ya bar noma ya shigo Kontagora yana kabu-kabu, lokacin zaɓe kuma shi ke ɗaure lasifika a bayan babur yana yi wa jam'iyyarsu talla. Jam'iyyar ta ci. Da aka cire tallafin mai, sai babur ya koma jingine a zaure, ba ya fita sai ranar kasuwa.

Ƙanenta Lukman tela ne, ɗan adawa kuma. Tun da ɗinki ya ja baya, kullum bayan la'asar yana kan bencin rumfar tare da Mailafiya.

"Yaya Mailafiya, wannan shi ne daɗin da kuka ce za mu sha?"

"Gyara ake yi, Lukman. Ɓarnar da naku suka yi ba a rana ɗaya za a kwashe ta ba."

"To kafin a gama gyaran mu ci me?"

Haka suke yi har a kira magariba. Salihatu ba ta sa musu baki. Idan sun ishe ta, sai ta ja igiya, inji ya rufe muryarsu. Amma ko wannan ta rage, don mai ya fi ƙarfin a tayar da inji saboda gardama.

Akwai wata ma'aikaciyar gidan rediyo, Cecilia, da ke kawo mata markaɗen kayan miya. Wata rana ta ce, "Mama, za mu yi shiri kan tsadar rayuwa. 'Yan siyasa biyu za su zo, amma ina son a ji muryar wadda abin ke taɓawa. Ki zo mana."

Salihatu ta ce ba ta iya ba. Mailafiya da Lukman, waɗanda ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, suka taru a kanta sai ta je. Mijin ya ce ta faɗa wa mutane su ƙara haƙuri. Ƙanen ya ce ta fasa ƙwai kowa ya ji. Ta ce musu to, su duka.

Da hantsi aka yi shirin. Ɗakin da sanyi, aka ɗora mata abin saurare a kunne. 'Yan siyasar biyu, na gwamnati da na adawa, suka gaisa da fara'a, suna tambayar juna iyali, amma ana kunna jar fitila suka hau juna da faɗa. Ɗaya ya ce farashin hatsi ya fara sauka, ɗayan ya ce ya sauka ne don babu mai iya saye. Suka shiga maganar dala da bashin ƙasa, Salihatu ta daina ganewa. Tana tunanin ko ta rufe injin da buhu, sai ta ji Cecilia ta ce, "Mama, ke me kike gani a wajen sana'arki?"

Duk abin da aka koya mata ya gudu. Sai ta faɗi abin da ya zo mata.

"Ni dai kwanuka nake gani. Akwai gidan da a da sai yara biyu sun kama musu ƙwaryar dawa. Yanzu matar gidan da kanta take zuwa da sassafe, ta rufe ɗan kwanon da mayafi kada a gani. Mijinta kuwa tsohon malamin makaranta ne, ya koyar da rabin unguwarmu."

Ɗan adawar ya buga tebur ya ce, "Kun ji ko!" Ɗayan ya ce ai irin waɗannan gidajen ne gwamnati ke shirin tallafawa. Suka ci gaba da nasu. Ba a sake tambayarta komai ba har lokaci ya ƙare.

Da ta dawo, Mailafiya bai ce mata sannu da zuwa ba. Lukman kuwa ya naɗi muryarta a waya, yana ta tura wa mutane. Sai da yamma, da ta ji kanta tana magana daga wayar wani mai wucewa, sannan ta gane abin da ta yi. Tsohon malamin makaranta ɗaya ne a unguwar. Matarsa kuma Zaituna ce, wadda suka yi goyon fari tare, wadda ta zauna da ita a asibiti lokacin da aka yi mata aiki.

Washegari Zaituna ba ta zo ba. Ranar da ta biyo ma haka. Daga baya aka ga tana bi ta bayan layi da kwanonta, tana tafiya har wani injin da ke can bakin kasuwa.

Salihatu ta yafa mayafi ta je gidan. Ta tarar da Zaituna tana tsince wake a faifai. Suka gaisa kamar baƙi.

"Zaituna, wallahi ban ambaci suna ba."

"Ba ki ambata ba."

"Bakina ne ya kufce. Ki yafe mini."

Zaituna ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ba ƙarya kika yi ba, Maman Mu'minat, shi ya sa ya fi ciwo. Surukan 'yata sun bugo waya daga Mashegu suna tambaya ko a aiko mana da doya. Malam ya daina zama a ƙofar masallaci, don tsofaffin ɗalibansa suna ta miƙo masa hannu a dunƙule. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba. Ni kuma duk garin nan ke kaɗai nake ɗage wa mayafin nan."

Salihatu ta matso kusa. Ta zauna ta sa hannu a faifan, suka gama tsintar waken tare. Da za ta tafi, Zaituna ta rako ta zaure ta ce, "Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Amma ba ta dawo da niƙanta ba.

A rumfa kuwa gardama ba ta tsaya ba, sai ma ta samu sabon abin yi. Lukman ya ce yayarsa ta tona asirin gwamnati. Mailafiya ya ce an yi amfani da matarsa ne kawai. Ranar nan Salihatu ta juyo ta ce, "Don Allah ku tashi ku ba ni benci. Masu niƙa na tsaye." Ba ta ɗaga murya ba. Suka dube ta, suka tashi.

Da damina ta faɗi, Mailafiya ya ɗaure fartanya da tabarma a bayan babur ya koma Kaboji, gonar yayansa. Bai ce ya bar jam'iyya ba, bai kuma ƙara kare ta ba. Ya ce mata dai, "In Allah ya sa an bar mu mun girbe, kin huta da awo." Lukman yakan leƙo, ya gaishe ta, ya rasa abokin magana, ya wuce.

Yanzu Salihatu ba ta tayar da inji sai niƙa ya taru. Mata kan zo su zauna jiran juna, wani lokacin har rana ta take. Ita da Zaituna suna haɗuwa a gidan suna ko ta'aziyya, su gaisa, su tambayi yara.

Kwanan baya ta sa an kawo mata zana daga kasuwa, ta kewaye rumfar ta gefen titi, don kada mai wucewa ya ga kwanon kowa. Wurin ya ƙara zafi, ƙurar gari kuma ba ta samun hanyar fita, tana sa ta tari. 'Yarta Mu'minat ta ce a cire. Salihatu ta ce a bar shi, ta sunkuya ta jawo kwanon da ke gaba.