Zare Dubu Biyar da Uku

A shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ina aikin jera zare a wata masaƙa a Kakuri. Oda ta yi mana yawa, kowace ƙungiya tana son yadin biki mai ratsi. Ni kuwa saura kaɗan in rasa aikina.

Katin da ofis ya aiko ya ce a jera zaren tsaye dubu biyar da uku, a raba shi ratsi-ratsi daidai wa daida. Muka yi bakwai-bakwai, biyar suka ragu, ratsin gefe ya fito guntu. Fomen ɗinmu mai kula da ma'aikata, mutum mai tumbi da son ihu, ya ce a yi takwas-takwas. Uku suka ragu. Aka yi sha biyu, abin ya ƙara muni. Sai ya nuna ni da biro.

"Ke ce ba ki iya ƙirga ba! Ran Litinin, in ya sake fitowa haka, ki karɓi takardar sallama."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A aji uku na bar sakandare, amma a lissafi babu wanda ya taɓa wuce ni.

Ran Lahadi, da na dawo daga coci, na baje kwali a tsakar gida na fara raba lambar nan. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Sista, ko caca kika fara?" Ban kula ta ba. A saba'in na tsaya, domin saba'in da ɗaya sau saba'in da ɗaya ya riga ya wuce lambar. Babu wadda ta raba ta. Irin lambobin nan ce masu taurin kai, da ɗaya kawai suke rabuwa, sai kuma da kansu.

Litinin da safe na shiga da kwalina har gaban manaja.

"Oga, ko wa ka ba wa zaren nan, sai ya rage. Ƙara mini talatin da bakwai, ya zama dubu biyar da arba'in. Wannan tana rabuwa da kowace lamba daga ɗaya zuwa goma, har da sha biyu da sha shida."

Fomen ya yi tsaki. Manaja ya jawo takarda ya gwada da kansa. Bakwai, ɗari bakwai da ashirin cif. Takwas, ɗari shida da talatin. Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya juya wajen fomen.

"Kai za ka ɗaura mata zaren, da hannunka."

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na tsaya a kansa, na riƙe ƙugu, ina ƙirga masa da ƙarfi, matan layinmu suna amsawa, har muka kai talatin da bakwai.