Karen da Na Koya wa Bin Igiya

Mijina ya rasu ya bar mini 'ya'ya biyu da wani jan kare mai taurin kai irin na mai shi. Tun yana kwikwiyo bai san igiya ba. Yawonsa yake sha a Anguwan Rukuba, da yamma ya dawo ya kwanta a gindin kujerar marigayi, ko da yake yanzu ba mai zama a kanta.

Wata huɗu da rasuwar, ya kashe kazar maƙwabta. Dattijon da muke haya a gidansa ya same ni ina feraye dankali, ya ce, "'Yata, ko ki ɗaure shi, ko ki kira masu sayen karnuka." Kowa a Jos ya san inda mutanen nan suke kai kare, tukunya ce. Na ce, "Baba, a yi mini haƙurin sati biyu."

Na sayo igiyar akuya a kasuwar Terminus na zarga masa a wuya. Wayyo! Ya dinga birgima yana kuka kamar ana yanka shi. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Na ja shi, na zage shi, har na maka masa takalmi. "Ɗan banza, ranka nake ceto!" Daga baya na zauna na yi kuka, don kunyar kaina na ji.

Sai na yanka tsohon wandon mijina, na ɗinka masa ɗamara mai bi ta ƙirji, ba ta wuya ba. Ya daɗe yana shinshinar ta, sannan ya tsaya na sa masa. Kullum da safe, cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, muna zagaya dutsen bayan gida, ƙuli-ƙuli ƙulle a haɓar zanena. In igiya ta motsa ya biyo, sai in ba shi guntu. Matan layi suna tsokana ta, wai na yi sabon miji. Kafin wa'adi ya cika, kowa ya riƙe igiyar bin sa yake yi. Har Baba sai da ya yaba.

Ranar Lahadi na ɗaure shi a gindin gwaiba, muka tafi coci. Muka dawo ba kare, ba igiya, ko guntunta babu a jikin itacen. Kwance ta aka yi.

Mai gasa masara a bakin layi ta ce, "Maman yara, ai na gan su. Wani ne da buhu a kafaɗa. Karen na tafe a gefensa salin-alin, sai na ɗauka ke kika aiko shi."

Da can wa ya isa? In baƙo ya matso kusa da karen nan, sai unguwa ta taru don haushinsa. Ni ce na ɓata sati biyu da ƙuli-ƙulina, ina koya masa bin duk wanda ya riƙe igiya.