Likitan da Ya Ɗinke Ni Yana Sume

Wallahi tallahi da ni abin nan ya faru, ba a bakin wani na ji ba. A Sakkwato ne, shekaru da dama da suka wuce, ana saura kaɗan Turawa su ba mu mulkin kai, lokacin ina ganin duk unguwarmu ta Ƙofar Taramniya babu jarumi sai ni.

Mu mahauta muna da wasan hawan ƙaho. Manya ke yi, amma ni na ga me zai hana. Na faɗa kan wani bijimi mai ƙaho kamar reshen kuka, shi kuwa ya cilla ni sama har na hango gonakin Kwalkwalawa (to, wataƙila katangar maƙwabta ce), ya farke mini cinya. Babana ya saɓa ni a kafaɗa, yana salati yana zagina har asibiti.

Babban likita Bature ya tafi rangadi, ya bar mai koyon aiki a ƙarƙashinsa, Malam Haliru, sabon fitowa daga makarantar likitoci. Siriri ne kamar karan dawa, idanunsa ja wur. Shi ne ɗakin maza, shi ne na mata, shi ne tiyata, abincinsa yakan huce a bakin taga har ƙudaje su yi taro su watse. Na taɓa ganinsa ya sunkuya a kan wani majinyaci, muka yi tsit don mun ɗauka ƙirji yake saurare, ashe barci ne ya sace shi a tsaye. Duk da haka faɗa yake sha, na Bature daban, na 'yan jinya daban. Shi ya ɗinke ni, ya ce, "Ɗan mahauta, in ka motsa ƙahwag ga, da kai da bijimin zan haɗa in ɗinke."

Wata rana da azahar, ana zafin bazara irin wanda ke sa ƙadangare ɗaga ƙafa, muka ji hayaniya a waje, malaman jinya duk suka fita da gudu. Sai maƙwabcin gadona, Baba Nomau, wani tsohon manomi mai karayar ƙafa, ya soma tsokanata.

"Kai yaro, ƙarya kaka yi. Ɗan maraƙi na yak kada kai."

"Maraƙi, Baba? Bari ka gani!"

Na miƙe tsaye a kan gado don in gwada masa yadda na kama ƙahon, sai na ji ɗinkin ya tsinke. Jama'a, ni ɗan mahauta ne, na san jini. Akwai mai zuba, akwai mai tsartuwa irin na wuyan rago, kuma wannan na biyun ba ya jiran kowa. Shi na gani yana fita daga cinyata. Baba Nomau ya yi ta kururuwa, ba wanda ya amsa, ni kuwa ɗakin ya fara yi mini duhu, na soma kalmar shahada ina kiran Inna.

Sai kawai na ga Malam Haliru a kaina. Ban ji takunsa ba, ban ga shigowarsa ba. Ya danne wurin da hannu mai sanyi kamar ruwan randa, ya ce, "Kwanta." Ya yi ta ɗinki, ni da allura ke sa ni tara gari ban ji ko cizon sauro ba. Da ya gama ya juya, ni kuma barci ya kwashe ni.

Da la'asar Malam Ladan, babban malamin jinya, ya tashe ni, ya ga jini kaca-kaca.

"Subhanallahi! Wa yat taɓa ciwon ga?"

Na ce likita.

"Wane likita? Malam Haliru ya hwaɗi sumamme tun da azahar, lokacin da kunka ji hayaniya waje, gajiya da yunwa sunka kada shi. Ni ka zaune wurinai ina mai hihita, ko yatsa bai ɗaga ba."

Baba Nomau ya ce, "Aradu shi na, da idona nig gane shi!"

Malam Ladan ya duba ɗinkin ya daɗe, ya ce a hankali babu mai ƙulla zare haka duk asibitin sai Malam Haliru.

Da likita ya farfaɗo, Babana ya kawo masa cinyar rago guda, ya tsaya a kansa sai da ya ga ya ci, yana ta sa masa albarka. Ni kuwa na tambayi likita yadda aka yi ya zo ya ɗinke ni. Ya ce bai tuna komai ba, sai dai ya ji kamar ana kiransa daga nesa, yana baƙin cikin ya kasa tashi. Sannan ya ce abu ɗaya ke damunsa: ya wanke hannu tas kafin ya faɗi, amma da ya farka ya tarar da busasshen jini a ƙarƙashin farcensa.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma ba na sallame salla ban roƙa masa rahamar Allah ba. Ku ma in kwanciya ta kai ku asibiti, ku sassauta wa ƙananan likitocin nan harshe, ku yi musu addu'a. In kuwa kun buɗe ido kun ga ɗayansu tsaye a kanku ba ku ji takunsa ba, kada ku tambaye shi daga ina. Ku kwanta kawai ya yi aikinsa.