Sista Sai-An-Tambaya

A ɗakin haihuwa Sista Sai-An-Tambaya ake ce mata, kuma ba don ƙauna aka laƙaba mata sunan ba. Ungozoma ce gajera mai taurin kai, shekararta ashirin da uku tana yanke cibi. Da masu bincike suka fara tara jinin igiyar cibiya, saboda ƙwayoyin asali da ke cikinsa waɗanda ake sa ran za su taimaki masu sikila, ita aka ɗora wa ɗibarsa. Ƙa'idarta ɗaya ce: uwa ta ji bayani tun a wajen awo, hankalinta kwance, sannan ta sa hannu.

Wata Talata da hantsi aka kawo wata tela, naƙuda ta kankama, ba ta taɓa ganin takardar yarda da ɗibar jinin ba. Likitan bincike ya duba katinta, ya ga irin jinin da suka shekara biyu suna nema ne. Sai ya miƙo wa Sista biro ta ba telar.

"Sista, sa hannu ne kawai. Minti ɗaya."

"Likita, mace a wannan hali, ko gidan ubanta ka roƙa za ta sa maka hannu. Wannan ba yarda ba ce."

"Kin san yara nawa ke jira?"

Ta sani sarai, don jikarta ma sikila ke cin ta. Duk da haka ta mayar da jakar ɗibar jinin cikin durowa, ta karɓi haihuwa, jinin ya tafi a banza. Ta shiga wajen wanke hannu ta sha kukanta, ta share fuska ta fito. Wata uku likitan bai amsa gaisuwarta ba.

Bayan shekara biyu, sai ga telar a layin awo da wani cikin.

"Mama, ke ce ta ran nan ko? Duk ina jin ku, ai naƙuda ba ta toshe kunne. Karanta min takardar."

Sista ta karanta mata kaf, har wurin da aka ce ba lallai binciken ya yi nasara ba. Telar ta sa hannu, ta juya ta yafito wasu mata shida, kwastomominta, kowacce da nata cikin.

"Na ce musu a nan ba a ɗauka sai an tambaya."

Sista ta gyara zaman gilashinta, ranta fari ƙal, ta aika a kira mata likitan ya taho da biro.