Igiyar Baba da Tokar Tsakar Gida

Bana shekara takwas ke nan da muka rufe mahaifinmu a Salaga, Allah ya jiƙansa. Cikin kayan da ya bari, akwai wata igiya mai ƙulli uku da ba wanda ya nema ranar rabon gado. Ni na ɗauke ta, na jefa a ƙasan akwati, ban sake waiwayarta ba sai bana.

Baba jikan fataken goro ne, amma shi doya ya sa a gaba. Yana tarawa daga gonakin Salaga da Bimbilla da Yendi, a kai tashar jiragen ruwa ta Tema a mota, a zuba a kwantena, jirgi ya tsallaka teku da ita. Bai yi boko ba, kuma bai yarda da lissafin da ba a gani da ido. Kafin ya ce a kama masa kwantena, sai ya shimfiɗa igiyar nan a tsakar gida: ƙullin farko faɗin cikin kwantena, na biyu tsawon ƙarama mai ƙafa ashirin, na uku tsawon babba mai ƙafa arba'in. Ya bi layi da toka, a jera kwalaye a ciki, ya tsaya yana kallo. Mu kuwa kunya kamar ta kashe mu, don maƙwabta har leƙowa suke yi suna cewa Alhaji ya fara zana jirginsa.

Abin da yake nanata mana kullum shi ne doya tana numfashi kamar goro a huhu. In ka matse ta, ta dahu da zafin kanta. In ka bar mata fili da yawa, teku ya girgiza ta, ta kuje, ta ruɓe. Kuma kaya mai nauyi ƙaramar kwantena yake so, don babba kafin ta cika ta wuce nauyin da sikelin hanya ya yarda da shi.

Bayan rasuwarsa ƙanena Habibu ya riƙe sana'ar, amma iyakarsa kasuwar Ankara, babban birnin ƙasarmu. Sai bana wani tsohon mai sayen doyar Baba daga ƙetare ya nemo mu, yana son a aika masa da kaya. Manoman da suka yi shekaru suna ba Baba doya suka kawo mafi kyawun abin da suka haƙa, wani dattijon Yendi ma ya ce shi gidan Alhaji ya ba, ba Habibu ba. In doyar nan ta ruɓe a ruwa, ba mai sake kawo mana ko saiwa ɗaya, sunan gidan ya tafi ke nan.

Habibu kuwa, Allah ya shirya mini shi, tuni ya kama babbar kwantena ta waya, mai ƙafa arba'in, mai dogon rufi ma. Na tambaye shi dalili.

"Yaya, ai in mutum zai dawo fage, da babba ake dawowa," in ji shi.

"Kai da wa za ku yi gasa? Da kifi?"

Raina ya ɓaci sosai, ba na ɓoyewa. Na shiga ɗaki na zaro igiyar, na kwaso toka a murhu, ni da girmana na duƙa ina zana layi. Habibu yana dariya yana cewa a waya ma ana iya wannan lissafin. Na ce to, waya ta ɗauko kwali ta jera. Muka jera har la'asar. Duk doyar da muke da ita, da ratar tafin hannu da Baba yake bari tsakanin layi da layi, ta zauna daram a cikin ƙullin ƙarama. A cikin na babba kuwa ko rabi ba ta kai ba. Habibu ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon filin da ya rage a cikin tokar, sannan ya ce, "To yanzu yaya zan yi da wadda na kama?"

Nan na tuna da Alhaji Isaka na Bawku, aminin Baba, wanda yake fitar da hulunan kaba da kwanduna. Kayansa ba nauyi, sai cin wuri, babba ce daidai da shi. Da na kira shi na ba shi labari, ya yi dariya har da tari, ya ce, "'Yata, ashe igiyar tana nan? Ku bar mini babbar." Mu muka koma ƙarama mai kafofin iska.

Makonnin da jirgin ya yi a ruwa, abinci ma ba ya mini daɗi. Habibu yana nuna mini ɗigon jirgin yana tafiya a fuskar waya, ni kuwa ina tunanin abin da Baba zai ce da ya ga wannan. Na san shi. Zai karɓi wayar, ya juya ta, ya yaba, sannan ya tambaya ko tana nuna masa cikin kwalin. Shi a zamaninsa sai dai ya yi addu'a ya jira saƙo, mu ma da duk na'urarmu abin da muka yi ke nan.

Ranar wata Talata da hantsi hoto mai motsi ya iso daga wurin mai sayen doyar. Aka buɗe ƙofar kwantena, aka yanka doya ɗaya, fara tas, aka yanka ta biyu daga can ƙurya, ita ma haka. Wallahi sai na zauna a kan turmi ina ta alhamdu lillahi, hawaye na zuba. Habibu ya hau babur ya nufi Yendi don ya nuna wa dattijon nan da kansa.

Baba bai bar gidan sama ba, motarsa ma ta daɗe da mutuwa. Ya bar manoman da har yau suke cewa gidan Alhaji, ya kuma bar wannan hali na auna kaya kafin a auna girman kai. Da Habibu ya dawo, sai ya tsuguna a gabana ya ce in ba shi igiyar. Na ce a'a, ya je kasuwa ya sayo sabuwa. Da yamma muka shimfiɗa su biyu a tsakar gida, tsohuwa da sabuwa, na riƙe masa bakin sabuwar, shi ya ɗaura ƙulli ukun da hannunsa.