Yatsan Iliya a Kan Aya

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Iliya, telan da mutanen Wunti suka sani da jinkirin ɗinki da saurin dariya. Ba kekensa ba ne ya fi tsaya mini a rai. Yatsansa ne.

Kowace Laraba da yamma 'yan'uwa masu bi kan taru a tsakar gidanmu a unguwar Ɗan Iya, mu yi nazarin Littafi Mai Tsarki. Iliya ba fasto ba ne, kuma wajen gardama kan aya ɗaya sai tuwona ya huce. Amma da an kira Magariba, sai ya ɗora yatsa inda ya tsaya, ya yi shiru, mu ma mu yi. Katanga ce gajeriya tsakaninmu da Malam Buba, maƙwabcinmu Bafulatani, wanda ciwon gwiwa ya sa yake salla a gida. Sai mun ji ya sallame yatsan yake tashi. Iliya yakan ce mutum na magana da Mahaliccinsa, ba a yi masa surutu a ka. Shi kuma Malam Buba, ba wanda ya roƙe shi, ranar Laraba yakan kashe rediyo, ya janye tumakinsa can bayan gida.

Bayan rasuwarsa nazarin ya ci gaba a gidana, shi ne ma abin da ya rage mini nasa mai rai. Amma gari ya canja. Matasan da suke jan karatun yanzu sun tashi cikin ɗar-ɗar, wasu sun rasa nasu a rikici, ba na raina ciwonsu. A wurinsu shirun nan tsoro ne. Bara suka ce a daina. Na ce muddin a tsakar gidan Iliya ne, za a yi shiru. Sun ce Mama ta tsufa, na ce dama ban ɓoye ba. Ba mu yi faɗa ba. Cikin ladabi suka kwashe bencina suka mai da nazarin majami'a.

Nakan tambayi kaina abin da Iliya zai ce. Ina jin ba zai yi fushi da su ba. Zai zaunar da su, ya ja su da ba'a har su gane cewa mai tsoro ɓoye Littafinsa yake yi, shi kuwa a buɗe yake barinsa, yatsa a kai. Ni ba ni da bakinsa. Na riƙe shirun, na rasa mutanen, kuma abin yana cin raina.

Larabar da ta wuce, bayan ya sallame, Malam Buba ya dafa katanga. Ya tsufa ƙwarai, idon ma ya yi rauni.

"Maman Saratu, ina baƙinki? Har yanzu fa ina janye tumakin."

Na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce:

"Allah sarki. Shirun yanzu ba irin na Iliya ba ne. Nasa da mutane a ciki."

Keken ɗinkin ya yi tsatsa, bencinan sun tafi. Abin da ya rage na Iliya shi ne wani tsoho Musulmi da yake gyara wa nazarinmu wuri duk Laraba, ko za mu dawo. Jibi Laraba zan buɗe Littafin ni kaɗai, in karanta da ƙarfi yadda zai ji, domin idan ladan ya kira, a sami abin da za a dakatar.